Tumbuɗi da Rigimar Shan Nono: Yadda Za Ki Bi Sawun Abin da Ke Damun Jaririnki

Duk wadda ta yi jego ta san warin tsamin nan da ke kama kafaɗar riga. Kin shayar da shi, kin ɗaga shi, sai ki ji ɗumi na gangarawa ta bayanki. Kin sake zani, kin mayar da shi nono, ya kama ya saki, ya banƙare, ya tsala ihu. Kafin gari ya waye tsummoki sun cika baho, kowa a gidan kuma ya zama likita: wannan ta ce belu ne a kira wanzami, waccan ta ce nononki ne ya yi zafi, wata ta ce ƙishi ne a ɗura masa ruwa.

Goyo huɗu na yi, na biyun ne ya zaunar da ni ya koya mini wannan karatu. Abin da na ɗauka shi ne, a daina kallon tsumma, a kalli yaron. Kuma a bi dalilan ɗaya bayan ɗaya, don idan kika sauya abu biyar a rana guda, ko ya samu sauƙi ba za ki san wanne ya yi aiki ba.

Mataki na farko: tumbuɗi ne ko amai?

A inda hanyar abinci ta haɗu da tumbi akwai wata tsoka da ke tsuke bakin tumbin, kamar zariyar wando. A wurin babba zariyar a ɗaure take. A wurin jariri sako-sako ce, ba ta gama ƙwari ba. Ga tumbin ɗan mitsitsi: ranar haihuwa abin da yake ɗauka bai wuce mililita 5 zuwa 7 ba, cokalin shayi ɗaya da 'yan kai, sai ya kai mako guda yake ɗaukar kamar 45 zuwa 60. Ga abincin ruwa zalla, ga shi wuni a kwance. Me zai hana nono dawowa? Bakwaini ma ya fi kowa, don zariyarsa ta fi sakewa.

Hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin jinya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2015, ta ce aƙalla jarirai 4 cikin 10 suna wannan tumbuɗin, yakan fara kafin mako 8, kuma 9 cikin 10 na masu yin sa sun daina kafin su cika shekara. Yakan fi yawa wajen wata huɗu, daga nan ya riƙa ja baya idan yaro ya fara zama ya kuma fara cin abinci.

Tumbuɗi silalowa yake yi ba yunƙuri, wani lokaci tare da gyatsa, wani lokaci har ta hanci, yaron kuma ko a jikinsa. Amai da kakari yake zuwa, za ki ga ciki ya murɗa, yaro ya wahala. Idan yawan abin ne ke tsorata ki, ɗebi ruwa cokalin cin abinci ɗaya ki zuba a kan zani ki ga faɗin da zai yi. Yawanci abin da kika rantse ya amayar da duk abin da ya sha, bai fi haka ba.

Mataki na biyu: abubuwan da ba a kwana da su

Kafin a shiga gyare-gyaren gida, ki tabbatar babu ɗaya daga cikin waɗannan. Amai kore, launin ganye, ko da sau ɗaya ne: yana iya zama hanji ya toshe ko ya murɗe, kuma sa'o'i ake ƙirgawa. Amai da jini, ko baƙi-baƙi kamar garin kofi. Wani lokaci jinin daga kan nononki ne da ya tsage, amma likita ne zai faɗi haka. Ciki ya kumbura ya yi tauri. Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafi ga wanda bai kai wata uku ba, ko jiki ya yi sanyi ƙalau. Numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙasan ƙirji na lotsawa. Jijjiga ko sandarewa. Maɗiga ta kumbura, ko ta faɗa tare da bushewar baki. Shawara da ta kai tafin hannu da tafin ƙafa. Yaron da ya daina karɓar nono gaba ɗaya, ko ya yi laushi sai an sha wahala kafin ya farka.

Akwai ɗaya da ke yaudarar mutane. Yaro lafiya lau, sai tsakanin mako 2 zuwa 8 ya fara amai mai tsartuwa, yana feshi nesa bayan kusan kowane sha, da ya gama kuma ya nemi nono kamar bai taɓa sha ba. Kullum abin ƙaruwa yake, yaro na ramewa. Wannan ƙofar fita daga tumbi zuwa hanji ce ta yi kauri ta toshe. Ya fi kama maza, musamman 'yan fari. Da hoton ciki ake gano shi, tiyata ce maganinsa, kuma yara na warkewa sarai idan an kai su da wuri.

Idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, ajiye karatun nan ki ɗauki mayafi, sai asibiti.

Mataki na uku: tambayi famfas da sikeli

Daga kwana biyar da haihuwa, yaron da ke ƙoshi yana jiƙa famfas ko nafkin aƙalla sau 6 a kwana, fitsarin ba duhu, kashinsa ya koma ruwan ɗorawa. Yana shan nono sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. A kwanakin farko yakan ragu, har zuwa kashi 10 cikin 100 na nauyin haihuwa, ya mayar wajen mako biyu, daga nan ya riƙa ƙara kamar giram 150 zuwa 200 duk mako a watanni ukun farko. Ranakun rigakafi na mako 6 da 10 da 14 dama ce ta awo. Kada ki bari a yi allura a sallame ki ba a ɗora shi a sikeli an rubuta a kati ba.

In fitsari ya cika, nauyi na hawa, yaro kuma ba ya cikin wahala, to aikinki wanki ne kawai. In yana rigima a nono, mu ci gaba.

Mataki na huɗu: zauna ki kalli sha ɗaya daga farko har ƙarshe

A nan ake yawan samun ɓarawon. Yaron da ya kama kan nono kawai yana tsotsa kamar alawa, iska yake haɗiya tare da nonon. Iskar ta taru, ta taso, ta kwaso nono ta fito da shi. Ga shi bai ƙoshi ba, ke kuma kan nono ya tsage.

Ki duba abu huɗu. Bakinsa a wangame yake kamar mai hamma? Leɓensa na ƙasa ya juyo waje? Haɓarsa ta taɓa nonon? Baƙin da ke kewaye da kan nono, wanda ake gani ta saman bakinsa ya fi na ƙasa yawa? Sannan jikinsa: kunne da kafaɗa da ƙugu a layi ɗaya, cikinsa manne da naki, kin tallafe shi duka. Mu da yawa kwantar da yaro muke yi rigingine a cinya, mu sunkuya mu miƙa masa nono, shi kuma ya karkata wuya. Ki gwada shan ruwa wuyanki a karkace ki ji. Yaro ake kawowa wurin nono. Ki goga kan nonon a leɓensa na sama, ki jira ya buɗe sosai, sannan ki jawo shi da sauri. Idan kin ji ƙarar tsat-tsat, ko kumatunsa na lotsawa, ko zafi ya ƙi wucewa, sa ɗan yatsanki mai tsabta ta gefen bakinsa ki cire shi, ku sake.

Kuma kada ki jira kuka. Da ya fara motsa baki, yana juya kai, yana cusa hannu a baki, lokaci ya yi. Wanda ya riga ya harzuƙa da yunwa, da haɗama zai kama, iska kuma ta riga ta cika masa ciki.

In kin gyara kamu iya gyara abin ya ƙi, leƙa bakin. Fari-farin da ya manne a kumatu da dasashi, wanda ba ya gogewa, cuta ce mai sa zafin baki, a asibiti ake ba da maganinta, a duba nononki ma. Linzami kuma, wato tantanin ƙasan harshe, idan ya ɗaure harshen har ba ya iya miƙowa ya wuce dasashi, yana hana kamu. Yara da yawa suna da shi ba ya hana su komai, don haka sai wanda ya san aikin ya kalli yadda yake sha kafin a yi maganar yanka, yankan kuma a asibiti. Sai hanci. Jariri ta hanci yake numfashi yayin sha, idan ya toshe dole ya riƙa saki yana neman iska. Ƙurar hunturu na jawo haka, hayaƙin itace na jawowa, haka turaren wutan da muke turnuƙe ɗakin mai jego da shi. A turara ɗakin yaro na waje, a buɗe taga. Ɗigon ruwan gishirin hanci na kemis kafin sha yana taimakawa. Hayaƙin sigari kuwa yana ƙara tumbuɗi da kuka, maigida ya sha abinsa can nesa.

Mataki na biyar: nonon gudu yake ko rarrafe?

Wannan shi ne labarin ɗana na biyu. Minti ɗaya da kamawa sai ya fara haɗiya gwat-gwat, nono ya sarƙe shi, ya yi tari, ya fizge kai, nonon na tsartuwa a fuskarsa. Kashinsa kore mai kumfa, tusa ba iyaka, tumbuɗi kamar an ɓare ƙwarya. Surukata ta sa na tatsa a murfi ta jefa tururuwa a ciki.

"Kin gani ko? Ta mutu. Nonon nan ba shi da kyau, 'yar nan."

"Hajiya, ai ko a ruwan randa aka jefa ta nutsewa za ta yi," na faɗa a raina. A fili cewa na yi, "To Hajiya, bari mu je awo gobe mu ji."

Wata sista ta ɗora shi a sikeli, ta kalli kati, ta yi dariya. Ya ƙara fiye da abin da ake nema. Ta ce, "Maijego, shayar da shi a gabana." Ba ta kai minti biyu tana kallo ba ta ce famfo ne aka buɗe wa ɗan tsako.

Ga abin da ta koya mini. Ki jingina baya da filo, kamar rabin kwanciya, ki ɗora shi a kan ƙirjinki ta yadda kansa ya fi nonon tudu, sai nonon ya zama hawa yake yi kafin ya isa bakinsa. Da kin ji nono ya kawo da ƙarfi, cire shi, tare tsartuwar da tsumma, in ta lafa ki mayar. Ki bar shi ya gama da nono ɗaya har ya yi laushi kafin ki ba shi ɗayan. Nonon farko ruwa-ruwa ne mai zaƙi, maiƙon sai a hankali yake ƙaruwa. Idan kina yawan sauya masa, ruwa-ruwan yake cika ciki da shi, ya wuce hanji da gudu, ga kumfa ga iska. Ɗayan in ya ɗaure yana ciwo, ki ɗan matse kaɗan ki ji sauƙi kawai. In kika tatse shi tas, jiki zai ɗauka ana buƙata ya ƙaro. Yawanci wajen mako shida zuwa wata uku nonon kan daidaita da bukatar yaro.

Akwai kishiyar wannan. Yaro ya kama, ya yi ta tsotso ba a jin haɗiya, ya ja kan nono, ya yi fushi, ko ya yi barci a kai ya farka da kuka bayan minti goma. A nan gudun ne ya yi kaɗan. Ki riƙa matsa nonon a hankali yana sha, in haɗiya ta tsaya ki sauya masa ɗayan, ki kuma ƙara yawan shayarwa har da dare. Bambance su biyun na da muhimmanci, don maganin wancan shi ne ke ƙara wa wannan ciwo. Sikeli ne alƙali.

Mataki na shida: bayan ya sha

Ki ɗora shi a kafaɗa, ko ki zaunar da shi a cinya kin tallafe haɓarsa, ki shafa baya. In minti biyu ko uku ya wuce ba gyatsa, ƙyale shi, ba kowane sha ke da ita ba. Ki riƙe shi a miƙe minti 20 zuwa 30. Kada a yi masa wanka da gashi da miƙar gaɓoɓi ciki cike, a yi kafin sha. Tsumman cibiya da bakin famfas kada su matse ciki, haka majanyi in za a goya shi. 'Yan barka masu cilla yaro sama su dakata.

Barci kuwa rigingine, a shimfiɗa mai ƙarfi, a miƙe, ba filo. Na san tsoron: kar ya yi tumbuɗi ya shaƙe. Amma idan yaro na rigingine, hanyar iska ce a sama, hanyar abinci a ƙasa, abin da ya taso komawa yake yi inda ya fito ko ya fita ta gefen baki. Kwanciya rub da ciki ita ce aka danganta da mutuwar jarirai cikin barci. Tada kansa da filo ma ba ya rage tumbuɗi, sai dai ya zame ya dunƙule wuya.

Mataki na bakwai: kukan magariba

Wani kukan ba na nono ba ne sam. Kukan jarirai yakan fara ƙaruwa daga mako biyu, ya kai ƙololuwa wajen mako shida, ya sauka a wata uku zuwa huɗu. Ki lissafa: mako shida kwana 42 ne, daidai lokacin da aka gama arba'in, masu taya ki sun watse, kin koma girki. Shi ya sa mata da yawa ke cewa daga gama wanka yaron ya canja. Da yamma zai nemi nono kowane rabin sa'a, ya kama ya saki, ya naɗe ƙafafu. In da safe yana sha lafiya, nauyi na hawa, wannan lokaci ne, zai wuce. Ki rage haske da hayaniya, ki rungume shi fata da fata, ki zaga da shi. In kin ji ranki ya kai wuya, kwantar da shi wuri mai aminci ki fita tsakar gida minti biyar, ko ki miƙa wa wani. Kada a girgiza jariri ko kaɗan, yana iya zubar da jini a ƙwaƙwalwa.

Mataki na takwas: sai yanzu za a duba kwanonki

Mutane da nan suke farawa, su hana mai jego wake da yaji da kuɓewa da mangwaro, ta rame a banza. Iskar da wake ya sa miki a hanjinki take, ba ta shiga nono. Abu biyu ne suka cancanci bincike.

Na farko furotin ɗin madarar shanu. Kaɗan daga ciki na ratsawa cikin nonon uwa, wasu yara kuma jikinsu ba ya karɓa. A cikin masu shan nonon uwa zalla, abin bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Ba ya zuwa da tumbuɗi shi kaɗai: za ki ga majina ko ɗigon jini a kashi, gudawa, fata ta bushe ta yi ja tana ƙaiƙayi, ko a ce akwai asma da irin waɗannan a dangi. In likita ya yi zargin haka, za ki bar duk abin da ya fito daga saniya na mako 2 zuwa 4: fura da nono, kindirmo, yogot, man shanu, madarar shayi ta gari da ta gwangwani, har biskit da cakulan masu madara. Wasu yaran waken suya ma na tayar musu, wato awara da madararsa. In ya samu sauƙi, ki koma ci ki gani ko abin zai dawo, da haka ake tabbatarwa. In bai samu ba, ki koma furarki.

Na biyu sinadarin hana barci da ke cikin goro da shayi da kofi da baƙin lemon kwalba. Babba cikin sa'o'i yake fitar da shi, sabon jariri kwanaki yake yi da shi a jiki. Kofi ɗaya ko biyu na shayi ba komai, amma mai tauna goron suna wuni guda ta rage ta ga bambanci. Kunun kanwa zancensa daban ne, ke yake taɓawa: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da kwanciya kan gadon wuta da ciwon zuciyar masu jego.

Mataki na tara: abin da ba za a ɗura masa ba, da abin da za ki kai wa likita

Ruwa ba ya cikin lissafi kafin wata shida, ko a zafin Afrilu. Kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne. Ruwan da aka ɗura yana cinye gurbin nono a ɗan tumbin, ya ƙara tumbuɗi, in ba shi da tsabta ya kawo gudawa. Haka jiƙo da tsimi. Zuma sai bayan shekara, saboda ƙwayar cutar da ke iya shanye jikin jariri. Belu ba ya sa amai, kowa da shi aka haife shi. Cire shi ne ke kawo zubar jini da sarƙe-haƙora, yaro kuma ya ƙi nono saboda raɗaɗi. Maganin kemis ba da takardar likita ba ma haka. Ba mu manta da ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 ba, lokacin da maganin haƙorin nan My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya. Phenergan da ake ba yara don su yi barci an hana shi ga wanda bai kai shekara biyu ba. Madarar gwangwani kuma ba ta maganin tumbuɗi, daga madarar shanu aka yi ta.

Idan kin bi matakan nan na mako ɗaya ko biyu yaro na nan yana banƙarewa da kukan zafi a kowane sha, yana ƙin nono, yana yawan tari ko shaƙewa, ko nauyi ya tsaya, a koma asibiti. Wani yaron ma ba ya fito da komai, haɗiyewa yake yi, ƙwarnafi na cin sa. Likita na iya duba fitsari, don ciwon mafitsara a jariri kan zo da amai da ƙin nono kawai. Yana iya ba da Gaviscon na jarirai a gwada mako ɗaya zuwa biyu, a lura don yana sa taurin kashi. Masu rage tsamin ciki irin su omeprazole ba sa hana nono dawowa, kuma da aka gwada su ba su rage kukan yawancin jarirai ba, don haka ba kowa ake ba ba. Ranitidine, shi ma mai rage tsamin ciki, an janye shi daga kasuwa a ƙasashe da dama tun 2020, in kin ga ragowarsa a kanta kada ki karɓa.

Ki tafi da katin awo. Ki rubuta na kwana biyu: sau nawa ya sha, sau nawa ya yi fitsari da kashi, launin abin da ya fito. Ki sa wani ya ɗauki bidiyon sha ɗaya a waya, musamman lokacin da yake rigimar, don da kun shiga ɗakin likita barci zai yi abinsa. Ki faɗi duk abin da aka taɓa ɗura masa, ko da Hajiya na zaune a gefe.